Babi na Biyar: Robert Cotton da Ɗakin Littattafan da Sarki Ya Kulle

A watan Nuwamba na shekarar 1629, majalisar fadar Sarki Charles na Ɗaya ta ba da umarni a kama wani dattijo mai shekara 58 a unguwar Westminster ta birnin Landan. Bayan an tafi da shi, sai aka rufe wani siririn ɗaki a gidansa, aka buga wa ƙofar hatimi. Abin da ke cikin ɗakin tsofaffin littattafai ne na rubutun hannu, da takardun yarjejeniya, da wasiƙun sarakunan da suka daɗe a ƙasa, da yawansu a kan fata aka rubuta su tun kafin a san injin ɗab'i. Sunan dattijon Sa Robert Cotton, mutumin da ya shiga majalisar dokokin Ingila har sau biyar. Shi kansa ba a daɗe ba aka sake shi, amma mabuɗin ɗakin bai ƙara komawa hannunsa ba har ya bar duniya.

Kafin mai karatu ya gane abin da ya sa sarki mai sojoji da jiragen ruwa ya damu da ɗakin littattafan wani bawan Allah, sai mun koma baya kamar shekara casa'in.

Tsakanin 1536 da 1541, Sarki Henry na Takwas, bayan ya ɓata da Fafaroma, ya rushe gidajen ruhubanawa na ƙasarsa, kusan guda 800, ya ƙwace gonakinsu da dukiyarsu. Waɗannan gidaje su ne rumbun ilimin Ingila na ɗaruruwan shekaru. A cikinsu ake kwafe littattafai da hannu, a cikinsu ake rubuta tarihin kowace shekara. Da aka watsa mazaunansu, littattafan suka zama marayu. Waɗanda suka sayi gine-ginen sun fi damuwa da darmar rufi da duwatsun bango. Wani malamin zamanin, John Bale, ya koka da cewa ana goge takalma da fitilu da shafukan littattafan, ana sayar da su ga masu shago su naɗe kaya, wasu kuma ana loda su a jirgi a kai wa masu haɗa bangon littafi a ƙetare. Abin da ya tsira ya warwatsu a hannun mutane, wasu sun san darajarsa, wasu ba su ma iya karanta shi ba.

Cikin wannan hali aka haifi Cotton a watan Janairu na 1571 a ƙauyen Denton da ke gundumar Huntingdon, a gidan masu filaye da rufin asiri. Aka kai shi makarantar Westminster, inda Allah ya haɗa shi da malamin da ya juya rayuwarsa, William Camden, wanda a lokacin yake tattara bayanan littafinsa mai suna Britannia, da ya fito a 1586. Daga nan ya wuce Kwalejin Jesus a Cambridge, sannan ya koma Landan karatun shari'a. Tun bai cika shekara ashirin ba ya fara tara rubuce-rubucen hannu, ya kuma shiga wata ƙungiya ta masu binciken kayan tarihi da ke taruwa a Landan, inda ake ba da tambaya guda, misali asalin wata sarauta ko wani haraji, kowa ya je ya bincika ya kawo amsa da hujjarsa. A 1599 ya bi Camden zuwa arewacin ƙasar, wajen ganuwar da Rumawa suka gina, suna kwafe rubutun da ke jikin duwatsu. Wasu duwatsun ma sai da ya sa aka kwaso su zuwa gidan gadonsu a Conington.

Littattafan ta hanyoyi da yawa suka zo masa. Wasu ya saya, musamman idan wani masani ya rasu magada suka rasa yadda za su yi da kayansa. Wasu musaya ya yi, wasu kyauta aka ba shi, domin duk wanda ke neman alfarma a wurinsa ya san abin da zai riƙo a hannu. Akwai kuma takardun gwamnati da suka shigo gidansa suka ƙi fita, har mai kula da ma'ajiyar takardun mulki na lokacin, Thomas Wilson, ya yi ta ƙorafi a kan haka. A hankali ɗakin ya tara abubuwan da yau Ingila ke tinƙaho da su. Akwai Linjilar Lindisfarne, wadda aka rubuta aka ƙawata da zane wajen shekara ta 700. Akwai kwafi ɗaya tilo da ya rage a duniya na Beowulf, doguwar waƙar jarumta cikin tsohon Turanci mai layi sama da 3,000. Cikin kwafi huɗu na asali da suka rage na Magna Carta, wato yarjejeniyar da manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki John a 1215, biyu ta hannunsa suka biyo. Ana ba da labari cewa ɗaya daga ciki a shagon tela aka tsinto ta ana shirin yanka ta a yi ma'auni, amma wannan labari ne na baka. Abin da yake a rubuce shi ne ɗayar Sa Edward Dering ne ya aiko masa da ita daga Dover a 1630.

Tun a ƙarshen mulkin Sarauniya Elizabeth, Cotton da wasu abokansa sun rubuta mata takardar roƙo cewa a kafa ɗakin karatu na ƙasa da zai adana irin waɗannan kayan. Ba a yi ba. Don haka gidan mutum ɗaya ya ɗauki nauyin da ya kamata gwamnati ta ɗauka.

A nan ne littafi ya haɗu da siyasa, kuma nan ne zuciyar labarin. Ingila ba ta da kundin tsarin mulki guda da za a buɗe a ce ga abin da sashe kaza ya ce. Dokarta ta ginu ne a kan al'ada da abin da magabata suka aikata. Idan gardama ta tashi, ko sarki na da ikon karɓar haraji ba da yardar majalisa ba, ko majalisa na da ikon tuhumar wazirin sarki, ba a tambayar me ya fi dacewa da hankali. Tambayar ita ce: an taɓa yin haka? A zamanin wane sarki? Ina takardar? Duk wanda ya zaro fata mai shekara ɗari uku ya nuna cewa an taɓa yi, to ya riga abokin gardamarsa. Takardun gwamnati kuwa suna jibge a Hasumiyar Landan da wasu ma'ajiyoyi, cikin ƙura, ba tsari, da Latin da tsohon Faransanci da irin rubutun da sai ƙwararre ke iya warwarewa. A gidan Cotton kuma ga su a jere, ga mai gidan da ya san inda kowace take da abin da ta ƙunsa. Wannan shi ne jarinsa a siyasa. Ba a san shi da zafin baki a zauren majalisa ba, amma masu zafin bakin da shi suke kwana.

Da farko fada ce ta fi cin moriyarsa. A 1600, da aka yi jayayya kan wanda zai gabaci wani tsakanin jakadan Ingila da na Sifaniya a wajen wani zaman sulhu, Cotton aka nema ya tono hujja daga tarihi. Da Sarki James na Sikotilan ya hau gadon Ingila a 1603, ya ba shi lambar girma ta Sa. Cotton kuma ya riƙa ƙara Bruce a sunansa, don nuna cewa yana da jini ɗaya da tsohon sarkin Sikotilan Robert Bruce, wato shi da sabon sarki 'yan uwa ne na nesa. Ya sake shiga majalisa a 1604 yana wakiltar gundumarsu, ya zama na hannun daman Henry Howard, mai sarautar Northampton, ya yi aiki a kwamitin da ya binciki almundahana a rundunar jiragen ruwa a 1608. Lokacin da baitulmali ya bushe, yana cikin waɗanda ake danganta wa shawarar ƙirƙiro sabuwar sarautar gado mai suna baronet a 1611, wadda ake biyan fam 1,095 a samu, da sunan kuɗin ciyar da soja 30 na shekara uku a arewacin Ailan. Shi ma ya karɓi sarautar a wannan shekara.

Kusantar fada tana da farashi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bayan rasuwar Northampton, Cotton ya raɓu da Robert Carr, mai sarautar Somerset, ɗan gaban goshin Sarki James. A 1615 asiri ya tonu cewa guba aka ba Sa Thomas Overbury ya mutu a tsare a Hasumiyar Landan, zargi ya faɗa kan Somerset da matarsa. Sai aka gano Cotton ya taɓa wasu wasiƙun da suka shafi maganar, ya sa musu kwanan wata ta yadda za su taimaki maigidansa. Aka tsare shi na wasu watanni kafin a yi masa afuwa a 1616. Ban ga yadda za a wanke shi daga wannan ba. Mutumin da darajarsa duka ta tsaya a kan amanar takarda, shi ne ya sa hannu ya gurɓata takarda. Tabo ne, kuma ya kamata a faɗe shi tare da alherinsa.

A 1622 ya koma wani gida a cikin harabar fadar Westminster, tsakanin zauren majalisar wakilai da na majalisar manyan sarauta, bayansa kuma lambu ne da ya gangara har bakin kogin Thames. Ɗan majalisa na iya fita daga zama, ya taka 'yan sawu, ya duba abin da aka yi a zamanin Sarki Edward na Uku, ya koma ya ci gaba da muhawara.

Abin da ya fi burge ni game da mutumin nan shi ne bayar da aro. Masu tara littattafai da yawa, a kowace ƙasa, sun fi son mallaka a kan karatu: a kulle a kabad, a nuna wa baƙo bango, a mayar. Cotton ya saki hannu. Ya ajiye rajistar aro, wadda har yau tana nan, kuma sunayen da ke cikinta su ne manyan masanan zamanin. Francis Bacon ya amfana da ɗakin wajen rubuta tarihin Sarki Henry na Bakwai. Walter Raleigh, yana tsare a Hasumiyar Landan yana rubuta tarihin duniya, ya aiko yana neman aron littattafai. John Selden, babban masanin shari'a, da James Ussher, babban limamin coci daga Ailan, da marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson, duk sun sha daga wannan rijiya. Lokacin da Thomas Bodley ke kafa ɗakin karatu a Oxford, Cotton ya ba da gudummawar rubuce-rubucen hannu. Sakin hannun ya jawo masa asara. Wani littafin Zabura mai zane-zane na ƙarni na tara ya fita aro zuwa hannun mai sarautar Arundel bai dawo ba, ya bi ta ƙetare, yau yana jami'ar Utrecht a ƙasar Holan, har da sunan garin ake kiransa. Duk da haka bai rufe ƙofa ba, kuma a ganina ya yi daidai: littattafan tarihi da na shari'a da aka rubuta da taimakon wannan ɗaki sun fi abin da ya salwanta nauyi.

Sai dai masana rubutun hannu na yau suna da nasu ƙorafin a kansa. Yakan kwance littafi ya raba shi, ya haɗa sassan littattafai mabambanta a bango guda saboda suna magana kan abu ɗaya, a datse gefen shafi don su yi daidai, wani lokaci a yanko zane daga wannan a manna a wancan. Shi kayan aiki yake gani a gabansa, yana shirya su yadda zai same su da sauri. Amma ta haka an ɓatar da sawun inda littattafai da dama suka fito.

Da Charles ya gaji mahaifinsa James a 1625, iska ta juya. Sabon sarki da amininsa George Villiers, mai sarautar Buckingham, suna son kuɗin yaƙi, majalisa kuma tana son a yi mata bayanin inda na baya suka shiga. Masu sukar Buckingham, irin su Sa John Eliot, suka riƙa kawo misalan sarakunan da da 'yan lelensu suka kai su ga halaka, kowa kuma ya san daga ɗakin da misalan ke fitowa. Ranar naɗin sarauta a watan Fabrairu na 1626, an shirya kwalekwalen sarki zai tsaya a matakalar gidan Cotton. Dattijon ya fito yana jira, riƙe da wata tsohuwar Linjila da ake cewa a kanta sarakunan da suke rantsuwa. Kwalekwalen ya wuce bai tsaya ba, mutane kuma suka fahimci saƙon.

Cotton bai ɗauki kansa ɗan tawaye ba. Mutum ne mai ganin cewa sarki da majalisa kamar kai da jiki suke, kuma aikin masani shi ne ya tuna wa sarki hanyar magabata. A 1626 ya ba majalisar fada shawara kada a rage azurfar da ke cikin kuɗin ƙasa don cike giɓin baitulmali, yana kafa hujja da abin da irin wannan ya haifar a baya. A 1627 aka buga ɗan littafinsa kan mulkin Henry na Uku, sarkin da ya biye wa 'yan gaban goshi har manyan ƙasa suka juya masa baya, masu karatu kuwa ba su buƙaci a fassara musu ba. Da sarki ya ƙaƙaba wa jama'a rancen dole, ya kuma ɗaure waɗanda suka ƙi biya ba tare da tuhuma ba, Cotton ya rubuta cewa maganin halin da ƙasa ke ciki shi ne a kira majalisa. Aka kira ta a 1628, shi ma yana ciki, jagororinta kuma suka yi shawara a gidansa. Daga wannan zama ne aka fito da takardar neman haƙƙi wadda masanin shari'a Edward Coke da Selden suka tsaya a kanta: ba haraji sai da yardar majalisa, ba ɗauri sai da dalilin da aka bayyana, ba sauke soja a gidajen mutane da ƙarfi, ba dokar soja a lokacin zaman lafiya. Hujjojinta daga Magna Carta da dokokin da suka biyo bayanta aka ɗebo su. Sarki ya amince a watan Yuni ba da son ransa ba. A watan Maris na 1629 ya sallami majalisar, bai sake kiran wata ba sai bayan shekara 11.

Dalilin da aka kama Cotton da shi ƙarami ne. Wata takarda ta riƙa yawo a hannun manya a Landan, tana ba sarki shawarar yadda zai taka wa majalisa burki: ya gina sansanin soja a garuruwa, ya riƙa tara kuɗi da ikon kansa kamar yadda sarakunan Italiya ke yi. Fada ta ɗauka an rubuta ta ne don a shafa wa sarki baƙin jini. Da aka bi sawu, sai aka tarar daga ɗakin Cotton aka kwafo ta. Ya ce bai san da fitarta ba. Daga baya ta tabbata cewa Sa Robert Dudley ne ya rubuta ta a Italiya tun 1614, don Sarki James. An gurfanar da Cotton da Selden da wasu manyan masu sarauta, amma da aka haifa wa sarki ɗa namiji a ƙarshen watan Mayu na 1630, sai aka yafe wa kowa albarkacin haihuwar. Shari'a ta mutu, ɗaki kuma ya ci gaba da zama a rufe, abin da ya nuna cewa tun farko ɗakin ake nema.

Ya rubuta takardun roƙo, yana cewa littattafan za su lalace idan ba a kula da su. Abokinsa Simonds D'Ewes, wanda ya riƙa ziyartarsa, ya rubuta cewa fuskarsa mai haske ta koɗe ta zama kamar ta gawa, kuma ya gaya masa cewa waɗanda suka raba shi da littattafansa sun karya masa zuciya. Ya rasu ranar 6 ga Mayu, 1631, yana da shekara 60, aka binne shi a Conington.

An mayar wa ɗansa Thomas ɗakin, ya riƙe shi cikin shekarun yaƙin basasa, ya kuma ƙara masa. A watan Janairu na 1649, lokacin da majalisa ta gurfanar da Sarki Charles a babban zauren Westminster, a gidan Cotton aka sauke shi kwanakin shari'ar. Mu da muka san yadda littattafan babban malami ke watsewa ranar rabon gado, wannan ya ɗauki juzu'i na ɗaya, wancan na biyu, sauran gara ta cinye, za mu gane girman abin da zuriyar nan ta yi: uba da ɗa da jika, ba wanda ya raba ɗakin ko ya kai shi kasuwa. Jikan, Sa John Cotton, ya bar wa ƙasa shi, majalisa kuma ta yi doka a 1701 cewa a adana shi don amfanin jama'a.

Abin takaici, a hannun gwamnati ne babbar asara ta same shi. Gidan Cotton ya tsufa, aka yi ta ƙaura da littattafan har aka ajiye su a wani gida mai suna Ashburnham a Westminster. Ranar 23 ga Oktoba, 1731, cikin dare, wuta ta tashi daga wajen murhu a ƙasan ɗakin. Da aka ga ruwa ba zai kashe ta ba, sai aka fasa kabad-kabad ana jefo littattafai ta taga. Rahoton da aka kai wa majalisa ya ce cikin kundi 958, guda 114 sun ƙone ko sun lalace gaba ɗaya, 98 kuma sun taɓu. Fata idan ta ji wuta takan ƙanƙance ta dunƙule, ruwan da aka zuba kuma ya ƙara nasa ɓarnar. Tarihin Sarki Alfred da Asser ya rubuta, wanda kwafinsa na da guda ɗaya ne, ya tafi. Wani tsohon littafin Farawa na Girkanci mai zane-zane ya koma gutsattsari. Beowulf ya tsira da ƙonannen gefe, haruffan bakin shafi suka yi ta zubewa shekara da shekaru. Sai a ƙarni na 19 Frederic Madden da ma'aikatansa suka zauna suna miƙar da dunƙulallun fatun ɗaya bayan ɗaya, har aka gano cewa waɗanda suka salwanta ɗungurungum ba su wuce 13 ba.

A 1753 majalisa ta kafa Gidan Tarihi na Birtaniya, ta haɗa littattafan Cotton da na iyalin Harley da kayan Hans Sloane suka zama harsashinsa. Daga 1973 suna ƙarƙashin Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya. Tsarin da iyalin suka bi wajen jera su ma bai canza ba. A tsohon ɗakin, kowane kabad akwai mutum-mutumin wani sarkin Rum a kansa, su goma sha biyu daga Julius zuwa Domitian, da mata biyu, Cleopatra da Faustina. Ana kiran littafi da sunan sarkin, sannan harafin kanta, sannan lambarsa a jeri. Kabad ɗin sun daɗe da ɓacewa, amma duk ɗalibin da ya je Landan yau yana neman Beowulf, abin da zai rubuta a takardar nema shi ne Cotton Vitellius A 15, wato kabad na Vitellius, kanta ta farko, littafi na goma sha biyar.